Koyar da fahimtar karatu ta hanyar littattafan yara

Koyar da fahimtar karatu ta hanyar littattafan yara salo ne na koyarwa da malami ke ɗaukar cikakken littafi, na labari ko na bayani, ya mai da shi abin aikin nuna wa yara yadda ake ciro ma'ana daga rubutu. A wuraren da hukumomin ilimi suka gindaya mizanin abin da ya kamata yaro ya iya a kowane aji, akan zaɓi littafin ne da wata ƙwarewa guda a rai, kamar gano jigon labari ko kafa hujja da abin da ke cikin shafi. Salon ya fi ƙarfi daga ajin share fage zuwa ƙarshen firamare.

Tarihi

Littafin yara mai hotuna da aka yi domin koyarwa ya daɗe. Galibi ana ambaton wanda John Amos Comenius ya fitar a 1658 a matsayin ɗaya daga cikin na farko. A Amurka, jerin littattafan McGuffey da suka fara fitowa a 1836 sun ratsa makarantu shekaru da dama, kuma karatun wancan zamani ya fi karkata ga ɗaga murya da hadda. Yaron da ya furta kalmomi daidai, an ɗauka ya gane.

Edward Thorndike na cikin waɗanda suka fara girgiza wannan zato. A wata maƙala ta 1917 ya nuna cewa fahimtar sakin layi aikin tunani ne, kamar warware lissafi: mai karatu yana auna kowace kalma, ya ba wata nauyi, ya rage wa wata. Duk da haka sai da aka kwashe kusan shekara 60 kafin a dubi abin da ke faruwa a cikin aji da idon basira. Dolores Durkin ta Jami'ar Illinois ta zauna a azuzuwan firamare tana ƙirga mintuna, a binciken da ya fito wajajen 1978 zuwa 1979. Ta tarar cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na lokacin darasin karatu ne ake koya wa yara yadda za su fahimta. Sauran lokacin ya tafi wajen raba aiki da jefa tambayoyi don a ga wanda ya gane. Wato ana gwada abin da ba a koyar ba.

Bayan wannan ne bincike ya yi ta kwararowa. David Pearson da Margaret Gallagher sun bayyana a 1983 tsarin da malami ke fara yin aikin a gaban yara, sannan su yi tare, daga bisani ya sakar musu. A 1984 Annemarie Palincsar da Ann Brown suka fito da karatun karɓa-karɓa, inda yara ke karɓar matsayin malami bi da bi, suna hasashen abin da zai biyo baya, suna yin tambaya, suna warware abin da ya shige musu duhu, suna taƙaitawa. Philip Gough da William Tunmer kuma, a 1986, suka ce fahimtar karatu sakamakon ninka abu biyu ce: iya haɗa baƙi, da kuma fahimtar harshen da ake magana da shi. In ɗaya ya zama sifiri, sakamakon ma sifiri ne. A nan littafin da malami ke karanta wa aji da baki ya sami gurbinsa, domin yaro ɗan shekara biyar yana iya gane labarin da ya fi ƙarfin abin da zai karanta da kansa.

Mizanin ƙwarewa

Rahoton kwamitin ƙasa kan karatu da aka fitar a Amurka a 2000 ya lissafa ginshiƙai biyar, fahimta na cikinsu, tare da sanin sautuka, alaƙar harafi da sauti, karatu ba gargada, da yawan kalmomi. A 2010 aka fitar da mizanin Common Core, wanda jihohi fiye da 40 suka karɓa da farko, ko da yake wasu sun janye ko sun sake masa suna daga baya. Yana da manyan ƙa'idoji 10 na karatu. Ta farko tana neman yaro ya nuna inda amsarsa take a cikin rubutu, ta goma kuma tana neman wahalar littattafan ta riƙa ƙaruwa daga aji zuwa aji. Kowace ƙa'ida tana da lamba. RL.2.2, alal misali, tana neman ɗan aji biyu ya maimaita tatsuniya ko almara da bakinsa, ya kuma faɗi darasinta. Irin waɗannan lambobi ne masu buga littattafai ke liƙawa a jagorar malami. Mizanin ya kuma so rabin abin da ɗan aji huɗu ke karantawa ya zama rubutun bayani, ba ƙagaggen labari kaɗai ba.

A Ingila, manhajar 2014 ta raba karatu gida biyu: karanta kalma, da fahimta.

A cikin aji

Malama ta ɗaga littafi yadda kowa zai ga hoto. A shafin an ce yarinya ta shigo gida, ta jingine laimarta tana ɗiga, ta cire takalmanta a bakin ƙofa. Malama ba ta juya shafi ba tukuna. "Me ke faruwa a waje?" Wani yaro ya ce ruwa ake yi. "A ina aka faɗa?" Ya duba, ya sake dubawa, bai ga kalmar ruwa ba, sai ya ɗora yatsa a kan laima. Abin da ya yi shi ne cike giɓin da marubuci ya bari, kuma da yawa daga cikin darussan fahimta a kan wannan suke tafiya. Akan kuma ji malami yana faɗin tunaninsa a fili, yana cewa nan ya rikice, bari ya koma baya. Yaran da suka ɗauka babba ba ya rikicewa a karatu sukan yi mamakin wannan.

Zaɓen littafi

Emmett Betts ya raba littattafai mataki uku a 1946: wanda yaro zai karanta shi kaɗai, wanda yake buƙatar malami, da wanda zai sa shi karaya. Daga baya aka sami matakan littattafai na masana koyar da karatu Fountas da Pinnell, daga A zuwa Z, da ma'aunin Lexile mai duba tsawon jimla da yawan aukuwar kalma. Irin wannan ma'auni ba ya ganin zurfin ma'ana, don haka littafi mai gajerun jimloli yana iya ɗauke da abin da ya fi ƙarfin ƙaramin yaro.

Saɓani

Akwai masu ganin an cika nanata dabaru an bar ilimin duniya a baya. Sukan kafa hujja da binciken Donna Recht da Lauren Leslie na 1988, inda yara masu raunin karatu amma masana wasan besbol (wasan buga ƙwallo da sanda) suka fi gwanayen karatu da ba su san wasan ba fahimtar rubutu a kansa. Wasu kuma suna sukar tsare yaro a mataki guda na littattafai. Malamai da dama na kokawa cewa idan aka yayyanka labari domin cika lambobin mizani, daɗinsa kan tsere kafin a kai shafi na ƙarshe.