Linzamin ƙwaƙwalwa a duniyar Shadowrun

Linzamin ƙwaƙwalwa wata na'ura ce ta ƙage da ake dasawa a cikin kan mutum a duniyar Shadowrun, wasan tebur na almarar kimiyya wanda kamfanin FASA na birnin Shikago a Amurka ya fara bugawa a 1989. A bugun farko-farko sunanta Vehicle Control Rig, a taƙaice VCR, daga baya aka rage sunan ya koma Control Rig. Aikinta shi ne haɗa jijiyoyin mutum da mota, jirgin sama, jirgin ruwa ko jirgi maras matuƙi, ta yadda ba ya buƙatar sitiyari ko totur, abin hawan ya zame masa jiki. Wanda aka dasa wa ita ana ce masa rigger, a wannan maƙala kuwa za a kira shi mahayi.

Matsayinta a wasan

Shadowrun wasa ne da 'yan wasa ke zama a tebur guda, kowa ya ɗauki halin wani mai aikata laifi na haya a cikin birni, mai jagorancin wasa ya riƙa ba da labari, ana jefa ƙwayoyi masu fuska shida irin na ludo don a san ko abin da aka yi niyya ya yiwu. Labarin bugun farko ya fara ne a shekarar 2050 a birnin Siyatil, a duniyar da sihiri ya dawo kuma manyan kamfanoni suka fi gwamnatoci ƙarfi. A cikin ƙungiya mahayi ne direban tsira: shi ke kai mutane wurin aiki, ya tsaya gadi da jiragensa marasa matuƙi, ya kwashe su idan abu ya ɓaci.

Sassa da yadda take aiki

Littattafan wasan sun ce na'urar tana amfani da tsakiyar ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke daidaita motsi da tsayuwar jiki ba tare da mutum ya yi tunani ba. Wannan ne bambancinta da tuƙi daga nesa. Mai tuƙi daga nesa yana ba da umarni ne, na'ura ta aiwatar. Mahayi kuwa ba ya cewa a juya hagu, juyawa yake yi, kamar yadda mai gudu ke kauce wa rami bai san ya kauce ba.

Ana buƙatar abubuwa uku kafin haɗin ya yiwu. Na farko linzamin kansa, a cikin ƙoƙon kai. Na biyu hanyar sadarwa, wadda a tsofaffin bugu soket ce da ake dasawa, galibi a gefen goshi ko bayan kunne, a zura mata waya. A bugu na biyar linzamin na zuwa da mahaɗinsa da waya mai tsawon kusan mita ɗaya da ke naɗewa ta koma ciki. Na uku shi ne gyaran da ake yi wa abin hawan, domin motar da ba a saka mata na'urar karɓar mahayi ba, ba ta hawuwa ko da linzamin ya kai ƙarshen kyau. A bugu na biyar wannan gyara nuyen 1,000 ne, nuyen kuwa shi ne kuɗin duniyar labarin.

Saƙo na tafiya ne ta fuska biyu. Kyamarori da na'urorin hangen abin hawa su zama idanun mahayi, ƙugin inji ya zama bugun ƙirjinsa, tayar da ta fara sulɓi a kwalta mai ruwa ya ji ta kamar santsi a tafin ƙafa. Fasahar da ke juya bayanan inji su zama ji a jiki ana kiranta ASIST, kuma tarihin cikin labarin ya danganta ƙirƙirarta da shekarar 2018. A lokaci guda akwai wani makulli da ke toshe umarnin ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, don kada mahayi ya riƙa harbin iska da ƙafa duk sanda ya taka birki a ransa. Saboda haka gangar jikinsa na zube a kujera kamar buhu muddin yana haɗe da abin hawan, shi ya sa ake ɗaure shi da bel, kuma ƙungiyar da ta san abin da take yi ba ta barinsa ba mai tsaro.

Bugu na biyar ya jera wanda ke da iko idan aka yi jayayya kan sarrafa abin hawa ɗaya: mahayin da ya shiga na'urar ta hanyar linzami shi ne a sama, sai mai tuƙi daga nesa, sai mai riƙe da sitiyari, sai matuƙin kwamfuta a ƙarshe. Mutum ɗaya kaɗai ke iya shiga na'ura ɗaya a lokaci guda.

Farashi daga bugu zuwa bugu

Kowane mutum a wasan yana farawa da maki 6 na wani ma'auni da ake kira Essence, wanda ke nuna cikar halittarsa. Duk ƙarfen da aka dasa a jiki yana cin wani abu daga ciki, ba ya dawowa, kuma wanda nasa ya kai sifiri ya mutu. Mai sihiri kuma ƙarfinsa na raguwa da raguwar makin, don haka da wuya a ga mai sihiri da linzami.

A bugu na biyu na 1992 da na uku na 1998 linzamin hawa uku ne. Hawa na ɗaya yana cin maki 2 a kan nuyen 12,000, na biyu maki 3 a kan nuyen 60,000, na uku maki 5 a kan nuyen 300,000. Kowane hawa na ƙara 2 a saurin martani da ƙwaya ɗaya a jifan da ke tantance wanda zai fara motsi, amma sai lokacin da mahayi ke haɗe da abin hawa. Lissafin a fili yake: mai hawa na uku, idan aka haɗa da maki 0.2 na soket, saura 0.8 ya rage masa. Ba shi da wurin dasa wani abin kirki na faɗa, ya fita daga mota ya zama mutum kamar kowa. Wannan tsada ita ta sa mahayi na wancan zamani ya zama sana'a guda da ba a haɗa ta da wata.

Littattafan da aka keɓe wa mahaya sun biyo baya: Rigger Black Book a 1991, Rigger 2 a 1997, Rigger 3 a 2001. Su ne suka faɗaɗa dokokin ƙera abin hawa da yaƙin toshe sigina, har wasu 'yan wasa suka riƙa kukan cewa lissafin ya yi yawa. A 2001 ɗin ne FASA ya rufe, haƙƙin wasan ya koma hannun WizKids, FanPro ya ci gaba da bugawa, daga 2007 kuma Catalyst Game Labs ya karɓa.

Bugu na huɗu na 2005 ya kai labarin 2070, bayan rushewar intanet ɗin duniyar a 2064 da sake gina shi ba waya. A nan aka soke hawa-hawa, linzamin ya koma abu guda mai cin rabin maki a kan nuyen 10,000, yana ba da ƙarin ƙwaya biyu. Ra'ayi ya rabu: wasu na ganin an sauƙaƙa wasan, wasu na ganin an narkar da sana'ar mahayi cikin ta ɗan kutsen kwamfuta. Bugu na biyar na 2013 ya dawo da hawa uku, masu cin maki 1, 2 da 3, a kan nuyen 43,000, 97,000 da 208,000. Littafinsa na mahaya, Rigger 5.0, ya fito wajen ƙarshen 2015 ko farkon 2016. Bugu na shida ya fito a 2019.

Abin da ke lalacewa

Hanyar da ke kawo ji ita ce ke kawo ciwo. A bugu na biyar, idan abin hawa ya sha duka, mahayi zai fuskanci rabin wannan lahani a ƙwaƙwalwarsa, a cike lissafin zuwa sama. Nauyinsa ya danganta da irin haɗin. A haɗin sanyi akwai matatar da ke rage ƙarfin saƙo, lahanin bai wuce jiri da suma ba. A haɗin zafi an cire matatar, mahayi ya sami ƙwaya huɗu a jifan fara motsi maimakon uku, amma lahanin na zahiri ne, yana iya kisa. Haɗin zafi haramtacce ne a dokar duniyar labarin kuma yana kama mutum kamar ƙwaya ta maye.

Na biyu shi ne yankewar bazata. Idan aka fizge waya, ko aka tarwatsa jirgin da mahayi ke haɗe da shi, ko sigina ya ɗauke, ƙwaƙwalwa kan faɗo cikin jikinta ba shiri. Dokar ta sa lahani 6, sannan ruɗewa da ke rage ƙwaya biyu a duk abin da zai yi na tsawon mintuna 10 a debe makin ƙarfin zuciyarsa. Mai ƙarfin zuciya 4 zai yi minti 6 bai dawo daidai ba.

Sai hayaniyar sigina, wadda nisa da cunkoson birni da na'urar toshewa ke jawowa. Waya ba ta da wannan matsala, amma tana tilasta wa mahayi zama cikin motar da ake harbi. Mai jirage da yawa kan riƙe akwatin sarrafawa, wanda ke ɗaukar na'urori har ninki uku na darajarsa kuma ya bar shi ya tsallaka daga wannan jirgi zuwa wancan kai tsaye.

Kwatanci da binciken gaske

Dashen da ake gwadawa a yau ya fi karkata ga karanta saƙo daga ɓawon ƙwaƙwalwa, ba tsakiyarta ba. Allon Utah, mai faɗin kusan milimita 4 da allurai 100, shi aka dasa wa wani shanyayye a gwajin BrainGate a 2004, ya motsa kibiyar kwamfuta da tunani. Wata shanyayyiya a gwajin Jami'ar Pittsburgh ta tuƙa jirgin F-35 na kwaikwayo a kwamfuta. Kamfanin Neuralink ya yi dashensa na farko a jikin mutum a Janairun 2024, da zare 64 masu ɗauke da wuraren ɗaukar sigina 1,024, kuma cikin makonni wasu zarurrukan suka janye daga mazauninsu. Ɗaya daga cikin manyan matsalolin dashen gaske ita ce tabon da naman ƙwaƙwalwa ke yi a kewayen allura, wanda ke dusashe sigina a hankali, abin da dokokin wasan ba su tanadar masa jifa ba.