Salansar da ta fashe ba ƙara kaɗai take yi ba

'Yan'uwa direbobi da masu motoci a Gombe da kewaye, wannan kira ne daga ma'aikatan lafiyar muhalli. Da yawa idan salansa ta fashe, abin da ke damun mai mota shi ne ƙarar. Mu abin da ke damunmu shi ne iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya. Aikin salansa shi ne ta kwashi hayaƙin daga injin ta kai shi bayan mota. Idan ta huje a tsakiya, hayaƙin yana taruwa ƙarƙashin kujerun fasinja, ya shigo ta ramin giya, ta hujin tsatsa a daɓen mota, ko ta robar but da ta mutu.

Alamun farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala da gyangyaɗi. Direban da ya taso daga Gombe garau, kafin Alkaleri kansa na sarawa, fasinjojin baya suna ta hamma, yaro ya yi amai, kada ya ce rana ce ko zazzaɓin cizon sauro. Idan ana samun sauƙi bayan an fito daga mota, a zargi hayaƙi. Yara ƙanana, masu juna biyu da masu ciwon zuciya su ya fi saurin kayarwa. Haɗarin yana ƙaruwa da hunturu, lokacin da kowa ke ɗage gilashi, da kuma wurin masu barci a mota injin na aiki. Sai al'adar nan ta lodin Sharon da Golf: a cika but da buhuna, a bar murfin a buɗe an ɗaure da igiya. Iskar da ke juyawa a bayan mota mai tafiya tana mayar da hayaƙin ciki ne kai tsaye, ko da salansar sabuwa ce fil.

Wanda ya galabaita, a kashe injin, a fito da shi fili, a wuce da shi asibitin da ke da oksijin, kamar Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Kada a ɗura masa madara ko manja, ba sa cire gubar, kuma mai gushewar hankali yana iya shaƙewa. A faɗa wa likita cewa daga mota aka ɗauko shi, don na'urar da ake maƙala a yatsa takan nuna oksijin lafiya lau alhali jinin ya sha guba.

Gano inda take yoyo ba wuya. A yi shi a fili, da safe kafin injin ya yi zafi, motar tana kan rami, ba a kan jak kaɗai ba. A tayar, wani ya toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu, bakanike ya bi bututun daga gaba zuwa baya yana saurare. Inda yake huci akan ga baƙin tabo, kuma ruwan sabulu zai yi kumfa a wurin. Wuraren da suka fi mutuwa: gasket ɗin manifol (inda salansa ke haɗuwa da injin), saƙaƙƙen bututun nan mai lanƙwasa da ke bayan injin, mahaɗan bututu, da gindin tukunyar salansa. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da Kanada sukan zo da tsatsa a ƙasa saboda gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara. Motar da ba ta wuce gida zuwa ofis kuwa daga ciki take ruɓewa, don ruwan da ke taruwa a tukunya ba ya samun zafin da zai ƙone shi. Sauran aikin ramuka ne da tudun rage gudu.

Ƙaramin huji a ƙarfe mai lafiya, walda ta isa. Amma idan an danna gefen hujin da sukudireba ya lotsa, sai canji. Faci da gwangwanin madara da waya ba gyara ba ne.

Wajen sayen kaya a nutsu. Na Beljiyam asali ne, yakan zauna daidai, amma a ƙwanƙwasa tukunyar a girgiza ta: idan tana kacau-kacau, cikinta ya wargaje. Sabon da ba na kamfanin motar ba akwai nagari, akwai na banza, kuma nauyi da kaurin ƙarfe su ke fara tona shi. A tafi da tsohon a gwada tsayi, lanƙwasa da wurin rataya. Faɗin bututun ƙananan motoci yawanci tsakanin inci ɗaya da rubu'i uku ne zuwa inci biyu da kwata. A sa daidai da na asali. Wanda ya fi ƙanƙanta yana shaƙe injin, wanda ya fi girma sai ƙara. Baƙin ƙarfe shi ne mai arha kuma mai saurin tsatsa, ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi tsada ya fi daɗewa. Kada a mayar da tsohon gasket, kuma a canza robobin rataya gaba ɗaya. Roba ɗaya da ta tsinke ita ke sa nauyin salansa ya karya sabuwar walda.

Sai maganar katalis, wanda kanikawa ke kira indomi. Shi ke mayar da yawancin kabon monoksaid iskar da ba ta da wannan gubar, kuma saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, irin su filatinom, ake sayensa ana kuma sace shi. Za a ce maka cire shi yana ƙara wa mota ƙarfi. Idan lafiyarsa ƙalau, ba abin da za ka ƙaru da shi sai hayaƙi mai guba da wutar cek injin. Idan kuwa ya toshe ko ya narke, nemi abin da ya kashe shi tukuna: filogi ko kwail da ke fashi, ko injin da ke shan baƙin mai. Ba a gyara wannan ba, sabon ma haka zai bi. A kula da sensar oksijin, wadda ke auna hayaƙin a jikin bututun. Huji a gabanta yana jawo iska, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka fetur ya yi kaɗan ta ƙara, sai ka ji mota na shan mai.

Ranar walda, a cire kan batir, a kare tanki da bututun fetur, a mayar da farantin da ke tare zafi. Bakin salansa dole ya leƙo bayan bamba, kada ya tsaya ƙarƙashin but. Kafin ka biya, a sake gwajin tsumma a gabanka.