Ma'aunan da Jami'o'in Amurka ke Bi wajen Zawarcin 'Yan Besbol na Sakandare

A Amurka, ɗalibin sakandare mai neman gurbi a ƙungiyar besbol ta jami'a sai ya bi ta gwaje-gwajen da ke auna gudunsa da ƙarfin hannunsa da bugunsa. Masu horarwa na amfani da alƙaluman wajen tace dubban masu nema, domin ko ɗaya cikin goma na 'yan wasan sakandare ba ya kaiwa ga buga wa jami'ar da ke ƙarƙashin NCAA, babbar hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar.

Gwajin da aka fi sani shi ne tseren yadi 60, kimanin mita 55, wato ninki biyu na tazarar da ke tsakanin tasha da tasha, wuraren da mai bugu ke rugawa zuwa gare su a filin wasa. Wanda ya gama cikin ƙasa da daƙiƙa 7 ana ɗaukarsa mai sauri, kuma masu tsaron bayan fili a manyan jami'o'i sukan yi 6.8 ko ƙasa da haka. Shi kuwa mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu, ana lissafa lokacin da ƙwallo ta shiga safar hannunsa zuwa lokacin da ta isa tasha ta biyu bayan ya jefa ta, nisan mita 39 kusan. Daƙiƙa 2 ita ce matsakaicin ƙwararrun MLB, babbar gasar besbol ta Amurka.

A wajen mai jifa ne aka fi ɗora ido. Na'urar rada ke auna gudun ƙwallonsa, kuma mil 90 a awa, kusan kilomita 145, ta zama iyakar da kowane yaro ke mafarkin ƙetarewa. Mai jifa da hagu yakan samu sassauci saboda irinsa ba su da yawa. Haka ma ana auna gudun ƙwallo bayan ta bar sandar mai bugu, da na'urori irin TrackMan da Rapsodo. Kamfanoni kamar Perfect Game, wanda aka kafa a jihar Iowa a 1995, suna shirya tarukan baje kolin 'yan wasa, su wallafa sakamakon a intanet. Shiga waɗannan taruka da kuɗi ne, abin da ke tauye 'ya'yan marasa hali.

Neman gudun jifa ido rufe yana da illa mai tsanani. Likitocin ƙashi sun daɗe suna kokawa kan yawan samarin da ake yi wa tiyatar jijiyar gwiwar hannu, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa ɗan wasa Tommy John a 1974. Shi ya sa MLB da USA Baseball, hukumar besbol ta ƙasa, suka fitar da ƙa'idojin Pitch Smart a 2014, waɗanda suka ƙayyade jifa 105 a rana ga 'yan shekara 17 zuwa 18, tare da kwanakin hutu. Rada kuma ba ta nuna ko yaro ya iya saita ƙwallo inda yake so, wanda shi ne ainihin aikin mai jifa.

Karatu ma sharaɗi ne. NCAA ta kasa jami'o'inta rukuni uku: rukuni na ɗaya yana buƙatar darussa 16 na asali a sakandare da matsakaicin maki 2.3 a ma'aunin maki 4, rukuni na biyu 2.2, rukuni na uku kuwa ba ya ba da tallafin karatu don wasa. Tun 2023, kocin rukuni na ɗaya ba shi da izinin tuntuɓar ɗalibi kafin 1 ga Agusta na shekarar da zai shiga aji na 11, wato na biyun ƙarshe a sakandare. Waɗanda ba su samu gurbi ba sukan nufi makarantun NAIA, wata hukumar wasanni ta ƙananan jami'o'i, ko kwalejojin shekara biyu da ke ƙarƙashin tasu hukumar, NJCAA, daga nan wasu ke komawa manyan jami'o'i.