Yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa farfaɗiya

An daɗe ana cewa wanda ya taɓa kumfar bakin mai farfaɗiya, ko ya ci kwano ɗaya da shi, ya ɗauka. Ba haka abin yake ba.

Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, masu aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki. Idan wasu daga cikin ƙwayoyin suka saki lantarkin nan lokaci guda ba tsari, sai mutum ya faɗi yana karkarwa. Buguwa a kai, wahalar haihuwa, sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai duk suna iya jawo ta. Babu ƙwayar cuta a yawun da za ta ɗauko maka farfaɗiya.

Ka duba da kanka: uwar da ta shekara da shekaru tana share wa ɗanta baki, ta kamu? A asibiti ma akwai gwajin EEG da ke nuna lantarkin ƙwaƙwalwa, kuma da magani kusan 7 cikin 10 kan daina faɗuwa.

Idan farfaɗiya ta tashi wa mutum, a janye shi daga wuta ko ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. A daure a tura wa 'yan'uwa wannan bayanin.