Cin abinci da ƙwallon kwando: tsakanin gasar lig da wasan uku-da-uku

A Jos ba a rasa yaron da tsawonsa ya wuce ƙofar ɗaki, ana ta ce masa ya je ya buga ƙwallon kwando. Faɗar haka ba wuya. Yadda wasan zai zama sana'a shi ne abin da matasa da iyayensu suke yawan tambaya, ga kuma amsoshin da nake da su.

Wai da gaske ana iya riƙe gida da ƙwallon kwando a Najeriya?

Ana iya, amma da ƙyar. Babbar gasar maza ta ƙasa an daɗe ana raba ta rukuni biyu, na Savannah a arewa da na Atlantic a kudu. A namu ɓangaren akwai Plateau Peaks ta nan Jos, da Kano Pillars, da Gombe Bulls. Yawancin kulob-kulob ɗin na gwamnatocin jihohi ne ko na hukumomi irin su Kwastan, saboda haka albashin ɗan wasa yana bin lafiyar aljihun mai kulob. Rikicin shugabanci da ya raba hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa gida biyu daga 2017 ya ƙara dagula al'amarin: an yi shekarun da ba a buga cikakkiyar kaka ba. Ɗan wasan da yake ganiyarsa a lokacin, wa zai maido masa da waɗannan shekarun? Abin yana ci mini rai har yanzu.

An samu sauƙi daga 2021, da aka fara gasar BAL ta kulob-kulob ɗin Afirka, haɗin gwiwar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da FIBA, hukumar wasan ta duniya. Zakaran Najeriya yakan samu gurbi. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta zo ta uku a 2024. Yanzu lashe gasar gida yana da abin da yake kai mutum gare shi.

To mene ne uku-da-uku, kuma me ya raba shi da wasan da muka sani?

Asalinsa wasan unguwa ne, wanda yara suke yi idan ba su cika goma ba ko kuma kwando ɗaya ne mai lafiya a filin. FIBA ta tsara masa dokoki, aka fara gwada shi a gasar Olamfik ta matasa a Singafo a 2010, sannan ya shiga babbar Olamfik a Tokiyo, wadda aka yi a 2021.

Rabin fili ake amfani da shi da kwando ɗaya. Kowane ɓangare mutum uku ne a ciki, ɗaya a benci. Minti 10 ne wasan, ko kuma wanda ya riga kai maki 21 ya ci. Jifa daga cikin baka, wato lanƙwasasshen layin da ya kewaye kwando daga nesa, maki ɗaya ce, daga wajensa maki biyu. Daƙiƙa 12 kacal ake ba ƙungiya ta yi jifa, alhali a biyar-da-biyar 24 ne. Idan an ci, ba a tsayawa a fitar da ƙwallo gefe, waɗanda aka ci suna ɗauka daga ƙarƙashin kwando su fita bayan baka su juyo. Ita kanta ƙwallon ta ɗan fi ta maza ƙanƙanta, amma nauyinsu ɗaya.

A lura da lissafin nan, domin shi ne ya canza wasan baki ɗaya. A biyar-da-biyar jifar nesa uku ce, ta kusa biyu. A nan ta nesa ninkin ta kusa ce. Wanda hannunsa ya faɗa a jifar nesa ya zama gwal. Sannan koci ba ya ba da umarni ana cikin wasa, 'yan wasan ne za su karanta abin da ke faruwa su gyara da kansu. Babu inda rago zai ɓuya: dogon da bai iya tsare gajere mai sauri ba, cikin minti biyu za a gano shi, a yi ta bi ta kansa har a tashi.

Ba waɗanda suka kasa samun kulob ne suke komawa can ba?

A'a. Dušan Bulut ɗan Sabiya ya yi shekaru yana na ɗaya a duniya a uku-da-uku, kuma da wannan wasan ya yi suna da dukiya. Jimmer Fredette ya buga NBA, ya buga a Sin da Girka, daga baya ya koma uku-da-uku har ya wakilci Amurka a Olamfik ta Faris a 2024. Amurkan da ake tsoro a biyar-da-biyar ba ta taɓuka abin kirki ba a ɓangaren maza a Olamfik. Latbiya ce ta ɗauki zinare a Tokiyo, Holan ta ɗauka a Faris. Wasa ne mai zaman kansa, yana da gwanayensa.

Me yaron Jos zai samu a ciki wanda lig ba za ta ba shi ba?

Suna da yake nasa na kansa. A lig, sai kulob ya ɗauke ka, sai koci ya saka ka, sai kakar ta gudana. A uku-da-uku kowane ɗan wasa yana buɗe rajista kyauta a shafin FIBA na intanet, kuma duk gasar da aka yi wa rajista a can, ko ta gari ce, tana ba shi maki da sunansa. Ana duba sakamakonsa mafi kyau na watanni 12 da suka wuce a fitar da matsayinsa a ƙasa da duniya. Ko ya canza abokan wasa, makinsa na nan. Makin 'yan wasa ne kuma ake tarawa a fitar da matsayin ƙasa, wanda yake da tasiri wajen samun gurbin manyan gasanni.

Wani abin da yake burge ni: a gasar ƙwararru ta zagayen duniya, wadda aka fara a 2012, ƙungiyoyi sunan gari suke ɗauka. Ub, wani ɗan ƙaramin gari a Sabiya, ya zama sananne ta wannan hanya. Ulanbato ta Mongoliya ma haka. Mutum huɗu ake buƙata, ba sha biyu ba, kuɗin mota da masauki bai kai na kulob ba. Ban ga dalilin da zai hana wata rana a ga sunan Jos a jerin ba. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyi, mai atisaye a nan yana samun numfashin da wannan wasa yake nema. Najeriya ma ba baƙuwa ba ce, mazanmu ne suka lashe kofin Afirka na farko a Lome a 2017.

Abin da ya rage shi ne masu shirya gasa. Ana yin gasannin uku-da-uku a lokacin hutu da bukukuwa, a raba kofi da riguna, a watse, ba a shigar da sakamakon ko'ina ba. Yaran sun yi gumi a banza ke nan ta fuskar matsayi. Mai shirya gasa ya daure ya yi mata rajista.

Ke nan a bar lig?

Kada a soma. Kuɗin uku-da-uku na kyauta ne, sai an ci ake samu, lig kuwa ita ce mai kwantiragi da koci da atisayen kullum. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji Hausawa, amma a nan kakar ce take raba su: idan lig ta tafi hutu sai a koma rabin fili. A dai nemi izinin kulob a rubuce, domin idan aka ji rauni a gasar da kulob bai sani ba, zai iya zame hannunsa.

Ta yaya ake fita waje?

NBA mutum 60 take zaɓa a shekara daga duk duniya, don haka a sa ta a matsayin buri, kada ta zama lissafi. Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriyar da ya yi fice a NBA, ta jami'ar Houston ta Amurka ya bi kafin a zaɓe shi na farko a 1984. Hanyar karatu ita ce har yau ta fi tabbas, kuma tana neman sakamakon sakandare mai kyau. Akwai sansanonin horar da matasa na Giants of Africa na Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya kai ga shugabantar kulob a NBA, akwai makarantar NBA da aka buɗe a Senegal a 2017. Ƙwararru da yawa kuma a ƙananan gasannin Turai da ƙasashen Larabawa suke cin abincinsu, ba wanda ya san su a talabijin.

Iyaye, a kiyayi wanda zai ce a kawo kuɗin biza da na gwaji, wai ya samo kulob a Turai. Wakili na gaskiya yana da lasisin FIBA, ana iya duba sunansa, kuma sai an sa hannu a kwantiragi yake samun kasonsa. Ba a komawa kulob na wata ƙasa sai da takardar sallama daga hukumar ƙasar da aka baro.

'Ya'ya mata fa?

Su ne ma suka fi ɗaga sunan ƙasar. D'Tigress, tawagar mata ta ƙasa, sun ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris sun zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik. FIBA ta amince da sanya ɗankwali a wasa tun 2017, don haka wannan ba hujja ba ce ta hana yarinya. A Jos akwai kulob ɗin mata na Plateau Rocks.

Shekara nawa ake yi ana bugawa?

Mafi yawa suna ajiyewa da sun ɗan haura 30, idan gwiwa da idon sawu sun yi haƙuri har lokacin. Tsinkewar jijiyar gwiwa tana cin kusan shekara guda kafin a dawo, kuma filayenmu na siminti ba sa tausayin gaɓoɓi. Kafin sa hannu a kowace takarda a tambaya, a kuma ga an rubuta, wa zai biya kuɗin asibiti idan an ji ciwo a bakin aiki. Tun ana bugawa kuma a nemi takardar koci ko ta alƙalanci. Ana ƙarancin alƙalan da suka san dokokin uku-da-uku sosai, kuma duk gasar da za a yi wa rajista sai ta neme su.