Mece ce HD, kuma me ya sa shirin 1966 ya fi na 1996 fitowa tas?

A rumfar masu tura finafinai, ko a kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis, da wuya ka yi minti biyar ba ka ji ta ba. Saurayi zai miƙa memori ya ce, "Oga, a sa min mai HD." Mai kwamfuta ko ɗago kai ba zai yi ba: "Ai duk kayanmu HD ne." Galibi abin da suke nufi shi ne hoto mai kyau kawai. Amma HD ba yabo ba ne, ƙidaya ce.

Duk hoton da ke fuskar waya ko talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera sahu-sahu. Kamar ɗinkin hula ne: wadda aka yi wa ɗinki ƙanana masu yawa zanenta kan fito raɗau, mai manyan ɗinki kuwa sai ka ja baya kafin ka gane abin da aka zana. Hoto yana shiga sahun HD idan ya kai ɗigo 1280 a kwance, 720 a tsaye. Na gaba da shi 1920 ne da 1080, wato ɗigo sama da miliyan biyu. Wanda ake kira 4K kuma 3840 da 2160. Lambobin nan da YouTube ke ba ka ka zaɓa, 144, 360, 720, adadin ɗigon da ke a tsaye ne.

Idan aka auna da wannan ma'auni, kusan duk abin da muka taso muna kallo a ƙauye bai kama ƙafar HD ba. Kaset ɗin bidiyo na VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fitar a 1976, hotonsa dishi-dishi ne tun yana sabo, kuma duk kwafin da aka yi daga wani kwafin sai ya ƙara lalacewa. Wanda ya zauna a gidan kallo mai janareto zai tuna fararen layukan da ke rawa a ƙasan hoto, da yadda ake kwance murfin bidiyon a goge kansa da farar takarda yara na ihu a baya. Faifan sidi na VCD da ya kore shi 352 ne da 288, ɗigo dubu ɗari da 'yan kai, wato kashi ɗaya cikin ashirin na 1080. Bai iya ɗaukar abin da ya wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, shi ya sa fim ke zuwa a faifai biyu. DVD ya kai 720 da 576, ya kamata a ce ya fi, sai dai wanda ya iso hannunmu shi ne mai finafinai goma ko ashirin a faifai ɗaya, an matse su har fuska ta koma murabba'i-murabba'i. Na ƙananan wayoyi kuwa, 3GP, 176 ne da 144. A haka muka kalla, kuma muka ji daɗi.

To ina tsohon shiri ya samo HD? Nan ne maganar take da daɗi.

Star Trek, shirin ƙagaggen labarin kimiyya mai dogon zango na Amurka, an fara nuna shi a tashar NBC a 1966, ya tsaya a 1969 bayan kashi 79. Labarin jirgin sararin samaniya ne da ke yawo tsakanin taurari, da Kyaftin Kirk da mataimakinsa Spock mai kunnuwa masu tsini. Mutanen wancan zamani a akwatin talabijin mai dishi-dishi suka gan shi, da yawansu ma a baƙi da fari. Daga baya aka saye shi a kaset, aka sake saye a DVD. Amma shi kansa shirin ba a kaset aka ɗauke shi ba, a zaren fim na silima ne mai faɗin milimita 35, wanda ke riƙe bayanin hoto fiye da abin da talabijin ɗin lokacin ke iya nunawa. Kyan yana nan kwance a ma'ajiya shekara arba'in. A 2006 kamfanin CBS, mai mallakar shirin, ya ɗauko zaren na asali, aka wanke, aka sake kwafar shi da na'urar zamani, aka gyara launi. Wannan aikin shi ake kira rimasta. Ba a ƙara wa fuskar 'yan wasa komai ba, abin da ke ciki tuntuni aka fito da shi.

Ya fito har da abin da masu shirin ba su so a gani ba. A wurin faɗa, idan kyamara ta ja baya, za ka gane sarai wani ƙato ne daban aka sa wa rigar Kyaftin yake shan duka a madadinsa. Duwatsun wata duniya kuma ka ga ai kayan kafinta ne da fenti. Hotunan jirgin a sararin samaniya ma sake zana su aka yi da kwamfuta, abin da har yau masoya shirin ke gardama a kai. A ganina wannan ɓangaren ya wuce wanki ya shiga sauya kaya, kuma gara da faifan Blu-ray, mai ɗaukar hoton HD, ya bar wa mai kallo zaɓin tsoho ko sabo.

Ƙanen Star Trek, The Next Generation, da aka yi daga 1987 zuwa 1994, ya fi ba da wahala duk da ya fi shi ƙuruciya. An ɗauke shi a zaren fim, amma a kaset aka yi haɗawa da tacewa, don haka cikakken shirin a ƙaramin hoto kaɗai yake. Sai da aka koma ga ɗanyen zaren aka sake haɗa kashi 178 ɗaya bayan ɗaya, aka fitar tsakanin 2012 da 2014. Sauran ƙannen, Deep Space Nine da Voyager, da suka biyo baya a shekarun 1990, ba su sami wannan gata ba saboda tsadar aikin.

Doctor Who, wani shirin ƙagaggen labarin kimiyya na BBC, wanda ya fara a 1963, nasa ya fi muni, kuma labarinsa ya biyo ta ƙasarmu. A kaset aka naɗe shi, BBC kuma ta riƙa goge kasa-kasan tana sake amfani da su, kashi da dama suka ɓace. Abin da ya ceci wasu shi ne kwafin zaren fim mai milimita 16 da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tsinci kashi tara da suka ɓata a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. An gyara su sun yi kyau, amma ba za su taɓa zama HD na gaskiya ba, domin daga fuskar talabijin aka ɗauki kwafin tun farko.

Wannan ce matsalar finafinanmu na Hausa na shekarun 1990, waɗanda aka ɗauka da kyamarar kaset. Babu wani zare a ɓoye da za a koma wa. Idan ka ga an ɗora irinsu a intanet an rubuta HD a jiki, buɗa hoton kawai aka yi ya cika fuska, ko an bi shi da manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke cike gurbi da hasashe, fuskar tsohon jarumi ta fito sumul ba tsaga ba gumi, har ka yi shakkar ko shi ne.

Akwai kuma HD ta suna. Fim zai iya cika ƙidayar ɗigo amma an matse shi don ya yi sauƙin turawa ta Xender. A waya ba za ka lura ba; ranar da aka jona shi a filasmar shagon mai shayi, duk wurin da dare ya yi a fim ɗin sai ya dame. Shi ya sa kafin a tura, ka ce wa mai rumfa ya nuna maka girman fayil ɗin da lambobinsa, ya kuma kai maka wurin duhu ka gani. Wanda kuwa a ƙaramar waya zai kalla, da datar da ya saya da kuɗin gumi, ga cajin da sai an biya, 480 ta ishe shi.

Idan tsohon shiri ya zo da baƙin shafi dama da hagu, ba lalacewa ya yi ba. An ɗauke shi ne don talabijin mai awon 4 da 3, ta yanzu kuma 16 ce da 9. Masu danna rimot su ja shi ya cika fuska su ne ke mayar da Spock, siririn mutum, gajere mai kumatu.