Ba harafi ake dubawa ba wajen sa "a" da "an" na Turanci

Tun muna firamare aka haddatar da mu cewa in kalmar Turanci ta fara da a, e, i, o, u to an za ka sa, in kuma wani harafi ne ka sa a. Wallahi wannan ƙa'idar ta jefa mutane da yawa cikin kuskure, har yau ina ganin manya suna rubuta an university a takardar neman aiki, kuma abin na damuna don ba laifinsu ba ne, haka aka koya musu.

Kunne ne ke yanke hukunci, sautin da kalmar ta fara da shi kawai ake bi. University ai da yu ake fara faɗinta, shi ya sa a university ne, haka a European. Hour kuwa h ɗin ba a furta shi sam, awa ake cewa, sai ya zama an hour, an honest man.

Duba waɗannan biyun da muke faɗi kullum: NECO da NYSC, duka da N suka fara amma NECO neko muke cewa don haka a NECO result, shi kuma NYSC en ake fara cewa to dole an NYSC certificate.

Asali ma kalmar an ita ce ta fara zuwa, daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin ɗaya, daga baya n ɗin ya riƙa faɗuwa gaban baƙi saboda sauƙin faɗi. Har apron, wato rigar da ake ɗaurawa a gaba wajen girki, da can napron ce, a napron ya koma an apron a bakin mutane.